Makin Kawu

Ƙafar gaba ta majigin ta fi sauran gajarta, sai wani ya tokare ta da takarda da aka ninninke. Da na sunkuya zan jona waya na ga rubutun da ke gefenta, na gane ta. Takardar ma'aunin maki ce, wadda ni da Dakta, malamar da nake taimaka wa, muka daɗe muna gyarawa kafin a buga. Ban zare ta ba. Idan na zare, hoton zai zame ƙasan allo, kuma ni za a kira in gyara.

Ni ce mafi ƙanƙanta a ma'aikatan sashen nazarin halittu. Bara na gama digiri, aka riƙe ni ina taimakawa a ɗakin gwaji. Ina buɗe ƙofa, ina raba kayan aiki, ina duba jarrabawar rubutu, ina zagayawa tsakanin tebura ɗalibai suna kiran Malama ni kuma ina waiwayawa in ga da wa suke.

Kwas ɗin na Dakta ne, bana aka fara shi. A da, ɗalibi yakan karɓi takarda mai jerin matakai, ya zuba wannan a wancan, ya samo amsar da malami ya riga ya sani tun kafin a haife shi. Dakta ta ce a daina. Kowane rukuni ya kawo tambayarsa, ya tsara gwajinsa da kansa, a ƙarshen zango ya tashi gaban mutane ya faɗi abin da ya gano da yadda ya gano shi. Ta ba su wake da ƙasa da kofunan roba, saboda su ne a sito. A taron sashe ta yi magana har muryarta ta dushe a kan cewa tunani za a auna, ba amsa ba.

Mu uku ne masu ba da maki a ranar gabatarwa: Farfesa, wanda shi ne shugaban sashe, da Dakta, da ni. A rubuce, kowa zai cika takardarsa shi kaɗai, a haɗa uku a raba. A aikace kuwa, sashenmu yana da abin da yake kira daidaita maki. Rukuni na sauka, babba zai faɗi lambarsa, na ƙasa da shi su matso kusa da ita. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ban taɓa jin wanda ya saɓa shi ba.

Da safe ina ɗaura ɗankwali, Yayata, wadda nake zaune a gidanta, ta tsaya a ƙofar ɗaki da ɗanta a kafaɗa.

"Wai yau ke ce alƙaliya?"

"Maki kawai zan bayar, Yaya."

"Allah sarki 'ya'yan mutane. Ke da direban bas zai wuce da ke layinmu ki kasa cewa ya tsaya, sai kin je tasha kin dawo a ƙafa."

"Sau ɗaya aka yi."

"Sau ɗaya muka gani," in ji ta, ta juya tana jijjiga yaron.

Na tuna da ita tun a rukunin farko. Yaran sun gwada ruwan gishiri a kan tsirar wake, kuma ba laifi, sun yi tunani. Mai gabatarwar yana cikin bayanin dalilin da ya sa suka zaɓi gishiri kala uku na ƙarfi sai Farfesa ya ɗaga biro.

"Wa ya koya maka magana da hannu a aljihu?"

Yaron ya zaro hannun, ya rasa inda zai kai shi, ya rasa inda ya tsaya a maganar. Da suka sauka Farfesa ya ɗauki takardar ma'auni, mai layuka biyar da muka yi ta muhawara a kansu, ya kifa ta, ya rubuta lamba ɗaya a bayanta.

"Hamsin da biyar," ya ce ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da layin gaba ke ji.

"Ni ma wajen nan nake," in ji Dakta. Ta kifa tata.

Ni da fensir na cika tawa, layi bayan layi, na samu saba'in. Na kalli saba'in ɗin, na kalli gefen fuskar Dakta, na ɗauki roba na goge.

Haka safiyar ta tafi. Wata yarinya ta rasa maki saboda ba ta gaida teburinmu da muƙami ba kafin ta fara. Wani ya samu ƙari saboda rubutunsa manya ne, Farfesa bai buƙaci tabarau ba. Wayar Farfesa ta yi ƙara a tsakiyar bayanin wani rukuni, ya ɗauka, ya yi magana da makanikinsa a kan wata ƙara da motarsa ke yi, ya ajiye, sannan ya ce wa yaran lokacinsu ya cika. Wuta ta ɗauke, aka jira, ta dawo, majigin ya ƙi gane kwamfutar, kowa ya kalle ni. Dakta ba ta ce komai ba sai "haka ne, Farfesa." Na san takardun ƙarin girmanta suna kan teburinsa tun farkon zango, kowa a sashen ya sani. Sanin bai rage mini haushi ba. Kafin azahar siket ɗina ya cika da ɓarɓashin roba.

Ɗakin gwajinmu, inda ake gabatarwar, taga ɗaya ce ke samun rana sosai, doguwa, a gefen gabas. Teburin da ke ƙarƙashinta kusan duka kwalayen Farfesa ne, cike da kwalabe da busassun ganyaye na wani bincike da ya yi tun ina firamare. Ba mai taɓa su. Abin da ya rage wa ɗalibai a bakin tagar ɗan wuri ne, sauran kofunan sai a kan kantar bayan ƙofa, inda sai an kunna fitila ake iya karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Duk zangon nan ina ganin wa ya ajiye me a ina.

Bayan an dawo daga salla da cin abinci Gwamna ya hau. Haka 'yan ajinsu ke kiransa, kuma ya amsa sunan da gaske. Ya zo da kwat da turare, ya gaida Farfesa da duk muƙamansa har da wanda ya sauka daga kansa. A shafukan da ya haska a allo kalmomi na shigowa da gudu daga gefe suna juyi. Rukuninsu sun zuba toka a ƙasar wasu kofuna, sun bar wasu haka, sun auna tsayi.

"Kamar yadda malamanmu masu girma ke gani," ya ce yana nuna zanen sakamakonsu da tsinin biro, "toka ta kusa ninka tsayin shukar. Wannan sakamako ne da manomanmu ke jira."

Na san kofunan tokar. A bayan ƙofa suka yi zangonsu. Dogaye ne, ƙwarai kuwa, sirara, farare-farare, suna langaɓewa kamar marasa lafiya, irin tsayin da tsiro ke yi idan yana neman haske. Marasa tokar su ne a bakin taga, gajeru masu kauri. Na rubuta tambayata a gefen takarda don kada bakina ya ci amanata: a ina kuka ajiye kowanne? Na ja mata layi. Na sake ja mata layi.

"Madalla," in ji Farfesa. "Ga magana, ga sakamako. Dakta?"

"Ba tambaya, Farfesa."

"'Yata, kina da tambaya?"

Na ja numfashi, na buɗe baki.

"Babu," in ji Farfesa tun kafin in furta komai. "To madalla. A tafa musu."

Aka tafa. Ya ce tamanin, Dakta ta ce saba'in da takwas. Na ɗauki roba.

Rukunin ƙarshe na Kawu ne. Shi ma ba sunansa ba ne, 'yan aji suka sa masa saboda furfurar da ke gemunsa. Ya girme ni nesa, ya girmi mijin Yayata ma. Malamin firamare ne da aka ba hutun karatu, hutun kuma bana yake ƙarewa, an riga an gaya masa ba ƙari. Wannan kwas ɗin kaɗai ya rage masa. Ni na duba jarrabawarsa ta rubutu, na san ba ta yi kyau ba. Hannunsa a hankali yake tafiya, yana zana kowane harafi kamar a kan allon aji, lokaci yakan ƙare bai kai rabin tambayoyin ba. Idan bai samu rabin makin gabatarwar nan ba, zai koma ajinsa ba digiri. Shi ya sani, ni ma na sani.

Abokan rukuninsa 'yan mata ne biyu da ake kira 'Yan Biyu, ba don sun haɗa uwa ko uba ba, sai don ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Su jarrabawarsu ta yi kyau, ko me aka ba su a yau sun wuce. Tambayar rukunin ta Kawu ce. A makon farko ya ce mini, "Malama, maiɗakina ce ke zuba ruwan wankin shinkafa a bokitin tumatirinta, ni ina ce mata camfi ne. To ga dama ta samu, a raba mu."

Suka shuka wake, wasu ana ba su ruwan shinkafa, wasu ruwan famfo, suna auna faɗin ganye. Na shinkafa suka yi kore shar, ganye kamar tafin hannun yaro. Kawu har ya fara cewa ya sha kaye a gida.

Ana saura kwanaki a yi gabatarwa ya same ni ina wanke kwalabe. Yana ɗauke da kofuna a kan tire, 'Yan Biyu suna binsa fuska a ɗaure.

"Malama, ki duba mini nan." Ya jera su a gefen famfo. "Na shinkafa a taga muka sa su, don lokacin su muka fara shukawa, akwai wuri. Na famfo suka tafi bayan ƙofa. Sai na ga duk na tagar sun karkata gefe guda kamar 'yan aji suna leƙen takardar wani. Na ce bari in gani. Na ɗauko kaɗan daga na famfo na kai taga, na mayar da kaɗan na shinkafa bayan ƙofa. Ki duba sababbin ganyen."

Na duba. Na famfo da suka je taga sun fitar da ganye masu faɗi. Na shinkafa da suka koma duhu sun fara koɗewa.

"Ashe rana muke aunawa, ba shinkafa ba," ya ce.

"Kawu, don girman Allah ka bar maganar nan," in ji ɗaya daga 'Yan Biyu. "Zane ya fito da kyau. Wa zai zo ya tambayi kofi inda ya kwana?"

"Kowa haka ya yi," in ji ɗayar. "Su Gwamna ma haka suka yi. Kai kaɗai ne za ka tona wa kanka asiri?"

Bai kula su ba, ni yake kallo.

"Malama, idan na faɗa, za a kayar da ni?"

Na goge hannuna, na ɗauko takardar ma'auni, na nuna masa layi na huɗu, wanda ya fi kowane layi maki: gane raunin gwaji da bayyana shi.

"Ka faɗa, Kawu," na ce. "Shi ne ma abin da ake nema."

Ban san inda na samo ƙarfin muryar da na faɗi wannan da ita ba.

Yanzu ga shi a gaban allo da farar rigarsa da ta sha guga, tiren kofunan a kan tebur. Shafukansa ba abin da ke juyi a cikinsu. Yana magana a hankali, yana maimaita kalmar ƙarshe, yana ɗan tsayawa kamar yana jiran aji ya amsa. Sau biyu ya ce "muna tare?" 'yan baya suka amsa "muna tare, Malam" suna dariya. Ya faɗi gardamarsa da maiɗakinsa, ya nuna zanen farko, mai kyan nan, wanda 'Yan Biyu ke so. Farfesa ya gyaɗa kai. Sai Kawu ya ce, "To amma kada ku yarda da wannan zanen." Ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda kowanne ya zauna, da yadda ya sauya musu wuri, da abin da sababbin ganyen suka yi. 'Yan Biyu suna tsaye a gefe suna kallon takalmansu.

"Saboda haka ba mu sani ba ko ruwan shinkafa yana da amfani," ya ce. "Abin da muka sani, idan za a sake, a jera kofunan duka a wuri guda, a cakuɗa su, a riƙa juya su. Na gode."

Fensirina ya riga ya gama tafiya a kan layukan. Tsarin gwajin na rage masa, domin ya yi kuskure tun farko. Zanen na rage masa. Layi na huɗu na ba shi duka. Na haɗa, ya ba ni tamanin.

Farfesa ya jingina da kujera.

"Malam, ka ce ba ku sani ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Zango guda. Sashe ya ba ku ƙasa, ya ba ku wake, ya ba ku ruwa, ka zo ka tsaya gaban mutane ka ce ba ka sani ba. Ai ni ma ban sani ba, kuma ban shuka komai ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Gwamna ya fi kowa, har yana dukan tebur.

"To me za ka je ka gaya wa maiɗakin naka?" in ji Farfesa.

"Zan ce ta ci gaba da zubawa tukuna, ranka ya daɗe. Shari'ar ba ta ƙare ba."

Aka sake yin dariya, wannan karon har leɓen Farfesa ya ɗan motsa. Na kalli Dakta. Wannan shi ne irin ɗalibin da ta kwatanta a taron sashe har muryarta ta dushe, ga shi tsaye a gabanta da kofi a hannu. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya.

"Ba ka sa ma'auni a gefen zanen ba," ta ce. "Santimita ne ko milimita?"

"Santimita ne, Dakta. A yi haƙuri."

"To."

Shi ke nan abin da ta tambaya. Na ji kamar in ciji fensirin.

Farfesa bai tambaye ni ko ina da tambaya ba. Ya sallami ɗalibai, suka fita da hayaniya suna jan kujeru. Kawu ya tattara kofunansa a kan tire, ya ɗan rusuna wa teburinmu, ya kalle ni kallo ɗaya, ba na tuhuma ba, wanda da na tuhuma ne da ya fi mini sauƙi. Ƙofa ta rufu, muka rage mu uku da ƙarar fanka.

"Talatin," in ji Farfesa, yana rubutawa a bayan takarda. "Shi ma don furfurarsa."

Dakta tana murza kusurwar takardarta da yatsa.

"Talatin da biyar," ta ce.

"'Yata?"

Robar tana hannuna, ta yi ɗumi. Na yi lissafi a zuci. Ko da na bar tamanin ɗina, idan aka haɗa uku, maki biyar ne za su rage ya kai rabi. Idan na goge kuwa, ba ma sai an yi lissafi ba.

"Tamanin," na ce.

Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba. Farfesa ya cire tabarau, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

"Tamanin. Wa mutumin da ya ce bai sani ba."

"Ranka ya daɗe, layi na huɗu ne. A takardar. Wato gane rauni. Shi ya gane, kuma ya gwada, ya sauya musu wuri, ba wanda ya ce masa ya yi. Abin da kwas ɗin yake nema kenan. Dakta ta ce…"

Na kalli Dakta don ta ɗauka daga nan. Tana kallon kusurwar takardarta.

"'Yata, saurara," in ji Farfesa, kuma ba da faɗa ba. "Wanda ya ƙona girki ya zo ya ce na ƙona, za ki yaba masa gaskiya. Ba za ki ce ya iya girki ba. Haske shi ne abu na farko da mai shuka a kofi zai duba. Da ya lura tun makon farko, da ya zo mana da amsa. Ya lura a makare. Idan na ba shi tamanin, baɗi kowa zai ɓata aikinsa ya zo ya ba mu haƙuri da kyakkyawar murya."

Abin haushin, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. 

"Amma su Gwamna ma…"

"Su Gwamna me?"

"Na tokar a bayan ƙofa suka ajiye su. Tsayin nan ba na toka ba ne, na duhu ne. Sirara ne, ba su da launi. Kuskure ɗaya ne da na Kawu, su dai ba su faɗa ba, aka ba su tamanin."

"Kina koya mini abin da duhu ke yi wa tsiro? Ni na koya miki, kina zaune a waccan kujerar." Ya nuna ta, kuma ita ce. "To tun da kin sani, me ya hana ki tambaye shi yana tsaye? Na ce kina da tambaya."

"Ai ban…"

"Kin ga abu kin yi shiru. Yanzu yaro ya tafi, kina so a yi masa hukunci a bayan idonsa. Nawa kika ba shi ke?"

Na sunkuyar da kai.

"Saba'in da biyar."

"To."

Da a nan na tsaya, da ya fi. Amma bakin da ya yini a rufe, da ya buɗe sai ya ƙi rufuwa.

"Da ma wurin tagar ya ishe su ne, ranka ya daɗe, da ba wanda zai kai kofi bayan ƙofa. Da an kwashe kwalayen nan tun farkon zango…"

Ban ƙarasa ba. Mu ukun muka kalli kwalayen. Ranar yamma ba ta kai musu, suna nan jere da ƙurarsu, ɗaya ya buɗe baki wata kwalba ta leƙo. Na yi fatan wuta ta sake ɗaukewa, ko wayarsa ta yi ƙara, ko makanikin ya shigo da kansa.

"Kwalayen nan sun girme ki a sashen nan," in ji Farfesa.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi." Ya mayar da tabarau. "Za ki daidaita ko ba za ki daidaita ba?"

Na kasa cewa a'a. Na kuma kasa ɗaga robar. Na zauna kawai, hannuna a kan takardar, ina kallon tamanin ɗin da ya fara dusashewa da gumin yatsana. Ina jiyo ɗalibai a baranda suna gardamar inda za su tsaya su ɗauki hoto, wani yana kiran Kawu ya zo tsakiya.

"Bar shi," in ji Farfesa. Ya sa hannu a takardarsa ya tura ta tsakiyar tebur. "Ki bar tamanin ɗinki, ki bi shi da biro ma. Talatin, talatin da biyar, tamanin. Ki haɗa ki raba uku, ki gaya mini ko ya kai rabi."

Ashe shi ma ya yi lissafin. Na bi lambar da biro, takwas ɗin ta fito kamar an taka ta. Na sa hannu, na ɗora tawa a kan tasa. Ina tunanin yadda zan bi ta barandar nan in wuce Kawu, da abin da fuskata za ta gaya masa kafin allon sanarwa ya gaya masa.

"Dakta, taki," in ji Farfesa, yana tattara wayarsa da makullin mota.

Dakta ba ta miƙa ba. Ta daina murza kusurwar. Ta juyo da takardar ta fuskarta, inda layukan suke, ta miƙar da ita da tafin hannu. Ta cire murfin biro ta fara daga layi na farko. Ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a na biyu ta yi tunani, ta rubuta lamba ƙarama. A na huɗu ba ta tsaya ba. Farfesa ya bar makullin a hannunsa yana kallonta, ni ma ina kallonta, ba ta kalli kowa ba. Ta haɗa lambobin a gefe kamar ɗaliba, da ɗan layi a ƙarƙashi. Daga inda nake ina iya karantawa: saba'in da biyu. Ta sake kifa takardar, ta ja layi ɗaya a kan talatin da biyar, ta sa hannu a gefensa don a san ita ta soke.

"Dakta," in ji Farfesa.

Ta ɗora takardar a kan namu, ta daidaita gefunansu da yatsu. Ta mayar da murfin biro, ta rataya jakarta, ta ɗan rusuna masa kamar yadda ta saba kullum. Sannan ta bi tsakanin tebura ta fita, ta ja ƙofar a hankali.